'Yata na koyon riƙe numfashi a ruwa don ta zama kamar Maya Gabeira

Tambaya: Assalamu alaikum. A Legas muke zaune. 'Yata mai shekara 16 ta iya ninkaya sosai, tana kuma koyon hawan igiyar ruwa a Tarkwa Bay. Tun da ta ga bidiyon Maya Gabeira ba ta da zance sai nata. Yanzu takan je wurin ninkaya ita kaɗai, ta yi ta jan numfashi da sauri-sauri, sannan ta nutse tana duba agogo. Wai haka manyan 'yan wasa ke yi. Hankalina bai kwanta ba. In hana ta ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Hawan igiyar ki bar mata abinta. Wannan nutson kuwa ki tsayar da shi yau, kada ya kwana.

Ba ta zaɓi gwanar banza ba. Gabeira 'yar Brazil ce, kuma ranar 11 ga Fabrairun 2020 ta hau igiya mai tsayin mita 22.4 a Nazare ta ƙasar Fotugal. A wannan kakar ta 2019 zuwa 2020 babu wanda ya hau wadda ta kai ta, mace ko namiji. Ba ita kaɗai ce mace mai hawan manyan igiyoyi ba: ga Justine Dupont ta Faransa, ga Paige Alms da ta ci gasar manyan igiyoyi ta mata ta farko a Pe'ahi, Hawai, a 2016. Tun 2019 kuma hukumar WSL, mai shirya gasannin hawan igiyar ruwa na duniya, ke biyan mata da maza kuɗin kyauta iri ɗaya.

Amma ki sa ta nemo abin da ya faru a Nazare ɗin nan a Oktoban 2013. Igiya ta kayar da Gabeira, ta karye a idon sawu, wasu igiyoyin suka yi ta danne ta har ta suma. Carlos Burle ne ya bi ta da babur ɗin ruwa, ya jawo ta bakin gaɓa, aka yi ta danna mata ƙirji ana hura mata iska har ta farfaɗo. Mace ce da ta yi shekaru tana horo, amma da ba mutum a kusa, da sai dai gawa.

Abin da nake fama da shi kusan kullum ke nan: yara sun ɗauka jan numfashi da sauri kafin nutso yana cika jiki da iskar oksijin. Ba ya cikawa. Jinin mai lafiya dama a cike yake da ita, abin da za a ƙara kaɗan ne. Abin da wannan haki yake yi shi ne fitar da iskar kabon dayokside, alhali taruwar wannan iskar ce ke sa ƙirji ya yi zafi, ciki ya fara murɗawa, mutum ya ji dole ya taso. Jiki ba ya yi wa mutum gargaɗi mai ƙarfi idan oksijin ta yi ƙasa. To ta fitar da mai tashinta, oksijin na ta raguwa, ita kuwa tana jin garau, har tana murna ta wuce lokacinta na jiya. Sai kawai ta suma.

Babu ihu, babu bugun ruwa, babu ɗaga hannu. Wanda ke zaune a gefe zai hango ta kwance a ƙasan ruwa ya ce ai gwana ce, atisaye take yi. Cikin 'yan mintuna ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Kuma gwanaye abin ya fi ci, don wanda bai iya ba tsoro ke fito da shi da wuri. Ruwan da bai wuce ƙugu ba ma ya isa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu ɗora bidiyo a TikTok da YouTube, mutum bai taɓa ceto ko kaza daga ruwa ba, ya zauna yana koya wa 'ya'yan mutane yadda za su yi minti uku a nutse. Ba ya nuna musu cewa mai hawa a Nazare na sanye da rigar da ke kumbura idan an ja igiyarta, ga masu ceto a kan babur ɗin ruwa, ga mai hange a saman dutse riƙe da rediyo. Duk da masu ceton da ke wurin, Marcio Freire, ƙwararre ɗan Brazil, a can ya rasu a Janairun 2023.

Igiyar da 'yarki ke hawa yanzu 'yan daƙiƙoƙi za ta riƙe ta a ƙasa. Abin da take buƙata shi ne ƙarfin ninkaya, natsuwa idan ta faɗi, da sanin yadda ruwa ke ja. In har sai ta koyi riƙe numfashi, to a gaban ƙwararren mai horarwa da ke tsaye inda hannunsa zai kai gare ta, numfashi na yau da kullum kafin nutso, ba gasa da agogo. Ku je ku biyu ku koyi danna ƙirji da hura iska, Hajiya. Ki kuma gaya wa mai gadin wurin ninkayar da bakinki cewa in ya ga ta nutse ta daina motsi, ya faɗa ruwa nan take.