Mijina Ya Rasu, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Anti, mijina ya rasu kwana 9 da suka wuce, ya bar ni da yara uku. Ga takardunsa cike da akwati, wayarsa kuma ba ta daina ƙara ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Allah ya jiƙansa, ƙanwata, ya ba ki haƙuri. Fara da takardar shaidar mutuwa: likita ya rubuta sanadi, sannan a yi rajista a hukuma. Ki yi kwafi da yawa, don banki da wurin aikinsa da ofishin fansho kowa zai nema.

Layin wayarsa kuwa, kada ki bari ya mutu. Lokacin rasuwar mahaifina mun yi wannan sakacin, muka sha baƙar wahala, domin saƙonnin banki duk ta nan suke shigowa. Ki ware littafi guda, ki rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi. Duk wanda ya ce yana binsa, ya kawo shaida, ko da ɗan'uwa ne.

Ko kin san lambar sirrin katinsa, kada ki ciri kuɗi. Sanar da bankin. Sayar da gida ko mota kuma ba yanzu ba, sai an duba ko ya bar wasiyya.