Na kasa samun jijiyar yaro, na tsani kaina: tausasa wa kai sakaci ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Watan jiya a ɗakin yara na soki wani yaro sau uku ban samu jijiya ba, uwarsa ta fashe da kuka, sista kuma ta wanke ni tas a gaban mutane. Tun ranar ba na barcin kirki, kullum ina ce wa kaina ban dace da aikin nan ba. Har na fara yi wa majinyata tsawa, abin da ba halina ba ne. Malamarmu ta ce in riƙa tausasa wa kaina. Anya wannan ba koyon sakaci ba ne, alhali ran mutane ne a hannunmu?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Malamarku ta yi gaskiya, kuma hujjar tana cikin wasiƙarki. Wata guda kina horon kanki, me majinyata suka samu? Tsawa.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan kika tsaya a bakin gado zuciyarki tana ta raya miki "yau ma za ki ɓata", jikinki yakan ɗauki wannan tamkar haɗari: gaba ya faɗi, hannu ya yi rawa, hankali ya tattara a kanki. Ba za ki lura leɓen yaron ya bushe ba, ko cewa tsohuwar da ta ce "da sauƙi" tana cije baki. Tambayar ɗan jinya ma sai ki ji ta kamar tuhuma, daga nan faɗa yake fitowa.

A 1990 wata malamar jinya, Ngozi Nkongho, ta tsara ma'aunin iya kula da mutane, ta gina shi kan sanin kai da sanin wanda ake kula da shi, da ƙarfin hali, da haƙuri. Mai zagin kanta dare da rana ƙarfin halin take fara rasawa. Na sha ganin ɗaliba ta riƙa zillewa duk lokacin da za a sa ƙarin ruwa, har ta gama makaranta hannunta bai faɗa ba. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai ɓoye kuskuren magani don ba za ta iya ɗaukar kunyar ba. Wannan kan iya cin rai.

Tausasa wa kai kuwa daban yake da zama kina jin tausayin kanki. Kristin Neff ta Jami'ar Texas a Amurka, wadda ta fayyace shi a 2003, ta ce ya ƙunshi yi wa kai magana kamar yadda za ki yi wa ƙawarki, da tuna cewa kuskure bai fara daga kanki ba, da kallon ɓacin ran ba tare da kin nutse a ciki ba. Da ƙawarki ce ta kasa, ai cewa za ki yi: "Jijiyar yaron da ya yi gudawa wuya gare ta, zo mu sake koya." Babu ƙarya a wannan maganar, kuma ba ta wanke kuskuren ba.

Batun sakaci an gwada shi. A 2012 Juliana Breines da Serena Chen sun ba ɗalibai jarrabawa mai wuya da gangan. Waɗanda aka tunasar da su kada su tsananta wa kansu sun fi daɗewa suna bita kafin zagaye na biyu. Mu ma muna da shi a gida: Salmanul Farisi ya ce wa Abu Darda'i "kanka yana da haƙƙi a kanka", Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi.

Kuskurenki na gaskiya ɗaya ne, ki riƙe shi: ƙa'idar da ake koyarwa ita ce bayan gwaji biyu a kira wanda ya fi gogewa. Tozarta ki a gaban jama'a kuma kuskuren sista ne, ko da gajiya da ƙarancin ma'aikata ne suka sa ta. Kada ki haɗa nata ki ɗora wa kanki.

Ki roƙi malamarki ta tsaya kusa da ke a sa kanula (ɗan bututun da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa) na gaba, kuma a ɗakin yaran, cikin makon nan. Kafin ki taɓa hannun, ja numfashi a hankali, ki gaishe da uwar, ki tambayi sunan yaron. Idan rashin barcin da ƙuncin suka ƙara mako biyu babu sauƙi, ko kika fara jin rayuwa ta fita daga ranki, ki ga likita, kada ki jira ƙarshen zango.