Wadrob Zan Fara Yi a Ɗakin Ɗinkina, Ko Fitila?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, shekara bakwai ke nan ina ɗinkin mata a cikin gida. Ɗakin da nake aiki ƙafa 10 ne a 12, taga ɗaya mai kallon yamma, ƙwan lantarki ɗaya a tsakiyar silin. Ina da keken Butterfly na ƙafa, da Juki na lantarki da na saya bara, da keken wibin mai ɗaure bakin yadi. Kayan mutane suna cikin buhunan bakko, na jibge su a lungu. A azumin da ya wuce na ɗinka wa wata leshi ruwan toka cikin dare, gari na wayewa na ga zaren ya ja zuwa shuɗi, sai da na warware duka. Idona kuma yana yaji in dare ya yi. Yanzu na kwashi adashi, kafinta ya ce ya buga min babban wadrob bango guda. In ba shi aikin, ko akwai abin da ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa wa sana'a albarka. Ki ce wa kafinta ya ɗan dakata. Ba don wadrob ba shi da amfani ba, sai don abubuwa biyu da kika yi kuka da su, zaren da ya yaudare ki da idon da yake yaji, duk ba wadrob ne zai warkar da su ba. Haske ne. Kuma kuɗin gyara hasken ɗakin nan ba zai kai na katakon wadrob ɗin ba, balle kuɗin aiki.

Bari in fara da abin da ya faru da leshin nan, domin ba idonki ne ya yi ƙarya ba. Launin da muke gani a jikin yadi ya danganta da irin hasken da ya sauka a kansa. Ƙwan da yake ba da haske rawaya-rawaya yana danne shuɗi, shi ya sa ruwan toka da shuɗi mai haske suke zama abu ɗaya a ƙarƙashinsa, haka baƙi da shuɗi mai duhu, haka fari da ruwan madara. Duk telan da ya yi aikin daren sallah ya san wannan ciwon. In kin je sayen ƙwai, juya kwalin ki karanta lambobi uku, ki ƙyale abin da mai shago yake cewa na "wannan ya fi haske".

Ta farko lamba ce mai harafin K a ƙarshe. 2700K shi ne rawayan nan na ɗakin kwana. 6500K fari ne fat mai ja zuwa shuɗi, shi ya fi yawa a kasuwa, yana da kyau wajen gani amma wasu yana gajiyar musu da ido in an daɗe a ƙarƙashinsa. Ni tsakanin 4000K da 5000K nake so a ɗakin ɗinki. Ta biyu ita ce wadda mutane ba sa dubawa, alhali ita ce maganin matsalarki: za ki ga an rubuta CRI ko Ra, da lamba a gabansa. Tana nuna yadda ƙwan yake fito da launi yadda yake a hasken rana, kuma ƙarshenta 100 ne. Ƙwayayen gida da yawa 80 ne. Ki nemi 90 zuwa sama, ko da guda ɗaya ne, ki sa shi a inda kike haɗa zare da yadi. In kwalin bai rubuta komai a kan wannan ba, ki ɗauka ba shi da abin da zai yi alfahari da shi.

Ta uku lumen, wato yawan hasken. Mun saba da cewa "ƙwai mai wat 60", to wat wutar da ƙwai yake sha ne, ba hasken da yake bayarwa ba. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da wajen lumen 800, daidai da tsohon ƙwan nan mai zafi na wat 60. Ɗakinki wajen murabba'in mita 11 ne. Don ki samu hasken aiki mai kyau a ko'ina, kina bukatar kusan lumen 7000 a sama, saboda bango da silin da kayan ɗaki suna shanye wani kaso. Dogon ƙwan LED mai ƙafa 4 na wat 18 yana ba da lumen 1600 zuwa 1800, kin ga guda huɗu sun ishe ki, duka wat 72. Yanzu kwatanta wannan da ƙwai ɗaya tilo da kike aiki da shi shekara bakwai. Idon nan ya yi haƙuri.

Amma inda za a kafa su ya fi yawansu muhimmanci. Ƙwai a tsakiyar silin, ke kuma kina zaune kin fuskanci bango, yana nufin kanki da kafaɗunki suna jefa inuwa daidai kan allura. Ki sa mai gyaran wuta ya jera biyu a saman layin kekuna, su ɗan fito gabanki kaɗan ba bayanki ba, biyu kuma a saman teburin yanka. A raba musu makunni, don in kina yanka kawai ba sai an kunna duka ba. Ki kuma lura da fankar silin: in ƙwai yana sama da fukafukanta, hasken zai riƙa yankewa yana dawowa, kuma wannan ƙyaf-ƙyaf ɗin yana sa ciwon kai ba tare da mutum ya gane dalili ba. A janye ƙwayayen gefe, nesa da da'irar fanka.

Sai 'yar fitilar kan keke. Akwai ƙananan LED masu mayen ƙarfe a gindi da wuya mai lanƙwasuwa, ana manna su a jikin kan keke, ba sa shan abin da ya wuce wat biyu ko uku. Masu sayar da kayan keken ɗinki suna da su. Ki karkata ta ta hasko allura daga hagu, kada ta kalli idonki, kada kuma ta bugi farantin ƙarfen nan ta dawo miki. Sai dai kada ki kashe na sama ki bar ta ita kaɗai don tattalin wuta. Ido yana wahala in yana kai-komo tsakanin wuri mai haske ƙal da ɗaki mai duhu.

Tagarki mai kallon yamma alheri ce da safe, fitina ce da la'asar. Kada ki sa keke ya fuskance ta, rana za ta kashe miki ido. Kada ki ba ta baya, inuwarki za ta rufe aikin. Ta zama a gefenki, hagu ya fi. Ki rataya mata farin labule mara kauri, irin boyel, ya tace zafin ya bar hasken. Kuma kada kayan mutane su zauna inda ranar nan take sauka, don atamfar da aka ninke aka bari a rana takan koɗe a kan layin ninki, kuma wannan ba ya gyaruwa. In bangon ɗakin yana da fenti mai duhu, bokitin farin fenti ɗaya zai yi miki aikin ƙarin ƙwai.

Na san abin da kike cewa a ranki: to in an ɗauke wuta fa? Nan ne LED ya yi mana gata. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe wajen wat-awa 1200, kuma in na ruwa ne ko makamancinsa, rabi ake sha a bar rabi don ya yi ƙarko. Dogayen ƙwai biyu da fitilar keke ba su wuce wat 40 ba, kin ga za su kai ki fiye da awa goma. Juki ɗin ne abin dubawa. In motar da take juya shi tsohuwar nan mai kuloci ce a ƙarƙashinsa, wadda take gurnani tun da aka kunna ko ana ɗinki ko ba a yi, tana shan wuta a banza. Motar zamani da ake kira servo ba ta juyawa sai kin taka, ba ta da ƙara, kuma ita ce take zama lafiya da inbata, wato na'urar da take mai da wutar batir irin ta gida. Dutsen guga kuwa, da yake shan wat 1000 zuwa sama, kada ki yi gigin ɗora shi a ƙaramar inbata. A ja masa soket nasa daban, ba a jona shi a wayar jone-jone tare da kekuna ba. In na gawayi ne, a tsakar gida ake hura shi, ba a ɗakin da yadi ya cika ba.

Idan bayan duk wannan idon bai daina yaji ba, ko kin fara miƙa hannu nesa kafin ki zura zare, musamman in kin doshi arba'in, ki je a auna ki. Asibitin koyarwa na Shika yana kusa da ke, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Kada ki sayi tabarau a faranti a bakin kasuwa.

Yanzu mu dawo kan kafinta. Babban wadrob mai zurfi rijiya ce: abin da ya shige ciki sai an kwashe na gaba kafin a gan shi, kuma zurfinsa zai cinye miki ƙafa biyu cikin ƙafa goman da kike da su. Abin da za ki fara sa shi ya yi shi ne teburin yanka, domin na tabbata a ƙasa kike yanka, a durƙushe kan tabarma, kamar yadda duk muka fara. Falankin filawud guda ƙafa 4 ne a 8. Faɗin ƙafa 4 ɗin nan yana ɗaukar atamfa a shimfiɗe, tsawon kuma a rage shi zuwa ƙafa 6 don ki samu hanyar wucewa. Tsayinsa ya kai miki ƙugu in kina tsaye, wajen santimita 85 zuwa 90 ga yawancin mata, amma ki tsaya a gabansa ya auna ki, kada ya yi da ka. Ƙarƙashin teburin nan shi ne wadrob ɗinki na gaskiya. A raba shi gida-gida, a ɗaga gindinsa daga ƙasa kamar tafin hannu, saboda laimar damina da gara.

Kayan mutane su za su shiga gidajen nan, kuma a nan nake da tsauri. Buhun bakko yana haɗa kayan Hajiya da na amarya da na 'yan makaranta, sai ranar karɓa a shiga tono. Kowace mai kaya a ba ta lamba. A rubuta lambar a littafin awo tare da ranar kawowa, ranar alkawari, yadi nawa ne, da abin da aka biya. A yanko ɗan ƙyalle daga gefen yadin a maƙala a shafin. A rubuta lambar kuma a takarda a soke a jikin kayan. Shafi da zif da maɓalli da duwatsun da ta kawo su shiga jaka ɗaya da yadinta. Sannan gidajen su zama uku a jere: wanda ba a yanka ba, wanda aka yanka, wanda ake jiran guga. Wanda aka gama a rataye shi a sandar ƙarfe a bango, a lulluɓe da tsohon zanin gado saboda ƙurar hunturu. Na taɓa yanka shaddar wata da awon wata saboda launinsu ɗaya kuma buhu ɗaya suka kwana. Na biya kuɗin shadda, amma matar ba ta sake tako gidana ba, kuma ba ta tafi ita kaɗai ba, da 'yan uwanta ta tafi.

Robobi masu murfi waɗanda ake hango cikinsu suna da kyau da rani. Da damina ki riƙa buɗe su suna shan iska, kada kuma ki rufe yadin da bai huce daga guga ba, fumfuna ke nan. Shaddar da ta sha bugu kada ki danne ta a ƙarƙashin tulin atamfa, a sama take zama. Kafur kuwa ki yi hattara da shi. Yara suna ɗauka alewa ce, kuma akwai jarirai da yawa a ƙasar nan masu wata larurar jini ta gado waɗanda warin kafur a jikin tufafi kaɗai yana iya jawo musu shawara mai tsanani. Ke da kike ɗinka kayan suna da na goyo, gara ki dogara da shara da shanya da toshe ramuka.

Ƙananan kaya bango ne gidansu. Allo ɗaya a saman kekuna, a buga masa ƙusoshi a ɗan karkace sama, kowane zare da ƙusarsa, a jera launi-launi, sai a saki ɗan labule a kai don ƙura da rana suna tsinka zare. Almakashi, tef, rula, alli, duk a rataye inda hannu zai kai kina zaune, amma sama da inda na yaro zai kai. Kwarkwaro da koshiya na Butterfly daban, na Juki daban, allurai ma haka, don ba sa shiga wa juna. Gwangwanin alewa biyu sun wadatar, a rubuta suna a murfi. Man keke a ƙasa can, nesa da yadi. Ki ajiye mayen ƙarfe a kan tebur na tsince fil, ki bi ƙasa da shi kafin yara su shigo. Ƙyallaye kuma kwando ɗaya ya isa. In ya cika a ba masu matashi ko masu koyo, kada a buɗe na biyu, don na san halinmu, telan da ya yarda ya zubar da ƙyalle bai zo duniya ba tukuna.

Kafin a buga ƙusa ko ɗaya, ki kwashe komai waje, ki ɗauki alli ki zana a ƙasa inda tebur da kekuna uku za su zauna, ki ja kujera ki zauna ki tashi ki ga ko kina wucewa ba tare da kin yi karo ba. Sai ki kira mai gyaran wuta ya kafa ƙwai bisa zanen, sannan kafinta. In adashin ya yi saura bayan tebur da allon zare, a buga kanta biyu marasa zurfi a bangon da rana ba ta kaiwa, na yadi in kina sarowa don sayarwa.