Hukuncin tafiya yawon buɗe ido a jirgin ruwa zuwa inda rana ba ta faɗuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni likita ne ina aiki a Ingila. Ni da iyalina muna son mu shiga irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa a watan Yuni, tafiyar mako biyu. Jirgin zai tashi daga Southampton, ya tsaya a Bergen da Tromso a ƙasar Norwe, ya wuce tsibiran Svalbard mu ga tsaunukan ƙanƙara, sannan ya dawo. An ce a can rana ba ta faɗuwa, kuma a jirgin akwai mashaya da ɗakin caca. Shin tafiyar ta halatta? Yaya za mu yi da salla?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Likita, asalin tafiya don ganin ƙasa halas ne. Allah ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ya fari halitta, a aya ta 20 ta Suratul Ankabut, kuma a aya ta 164 ta Baƙara ya lissafa jiragen da ke gudana a teku cikin ayoyinsa ga masu hankali. Wanda ya tsaya gaban bangon ƙanƙarar da ta shekara dubbai tana taruwa, ya ji ƙarar ɓangarenta yana ɓallewa ya faɗa ruwa, ai da wuya bakinsa ya rasa tasbihi. Saboda haka inda za ku je ba shi da matsala. Abin da za ku shiga ne yake buƙatar magana, sai kuma lokutan salla, waɗanda su ne mafi wuyar sha'ani a tambayarka.

Jirgin nan tamkar otal ne a kan ruwa, kuma hukuncinsa hukuncin otal ne. Kuɗinka na ɗaki da abinci da sufuri ne, wannan ciniki ingantacce ne. Amma kada ka sayi tikitin da aka ƙara wa kuɗi don shan giya, kada ka taka ɗakin caca ko da don kallo. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. A irin waɗannan jirage sukan haɗa baƙi teburi ɗaya wajen cin abincin dare, to ka nemi teburinku ku kaɗai tun kafin tafiya. Idan ka san kanka, ka san mako biyu cikin kiɗa da tsiraici zai ja ka, ko ba za ka iya tsare idon yaranka ba, to a kanka ta haramta. Wannan kai ka fi ni sani.

Abinci kuwa da sauƙi. Hadisin Abu Huraira a Muwaɗɗa ya ce teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halas ne. Ku riƙe kifi da ganye, ku tambaya ko an zuba giya a miya.

Ƙasaru ta inganta. Shehu Khalil a Mukhtasar ya ce sunna ce ga matafiyin da zai yi tafiyar baridi 4, wato kusan kilomita 80, ko da a teku ne. Ya cire wanda ya fita don saɓo da wanda ya fita don wasa kawai. Wani zai ce ai yawon buɗe ido wasa ne. Ni ban ga haka ba. Misalin da malamai suka bayar shi ne mai farauta don nishaɗi kawai, kuma hutawa da iyali tare da lura da ikon Allah manufa ce da shari'a ta yarda da ita. Tunda ba inda za ku zauna kwana 4, kuna ƙasaru har ku dawo, kuma Juma'a ba ta hau kanku ba. Sai dai ka lura, sauƙin haɗa salla biyu saboda tafiya Malikiyya sun keɓe shi ga tafiyar tudu. Wasu mazhabobin ba su bambance ba. Mutumin da yake zaune a ɗaki mai bandaki da ruwan zafi ba shi da hujjar haɗa Azahar da La'asar, sai ranar da aka sauka gari aka shiga mota zuwa kallon ƙanƙara.

Za ku yi salla a tsaye kuna fuskantar alƙibla, idan jirgi ya juya ku juya. Wanda jiri ko amai ya kama ya zauna. A gida mun saba cewa a fuskanci gabas, to a arewacin Norwe alƙibla kudu take, da ɗan karkata zuwa gabas. Ƙarfen jirgi yana rikita kamfas, don haka ka duba taswirar da ke nuna inda jirgin ya dosa.

Yanzu ga lokuta. Tafiyarku kashi biyu ce. A Bergen rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 11 na dare a watan Yuni. Muddin tana faɗuwa, Magariba tana nan a lokacinta komai nisan dare, ba a ƙiyasta abin da ido yake gani. Matsalar ita ce shafaƙi, wato jan da ke saura a sama bayan faɗuwar rana, ba ya gama ɓacewa har gari ya fara wayewa. A nan za ku ƙiyasta Isha'i da Asuba, wanda kuma jira zai wahalar da shi, kamar yara da maras lafiya, ya haɗa Magariba da Isha'i. Wannan haɗawar saboda wahala ce, ba saboda tafiya ba.

Da kun ƙetare layin digiri 66 da rabi a taswira, wato ma'aunin nisa zuwa arewa daga layin da ya raba duniya biyu, labari ya sauya. A Tromso rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu zuwa bayan tsakiyar Yuli, a garin Longyearbyen na Svalbard kuwa daga ƙarshen Afrilu har cikin Agusta. Salla ba ta faɗi a kanku ba. Hujjar ita ce hadisin Nawwas ɗan Sam'ana a Sahihu Muslim: da Annabi (SAW) ya ambaci ranar Dujal da za ta kai tsawon shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta isa, ya ce a'a, ku ƙiyasta mata gwargwadonta. Don haka salloli 5 ne cikin kowace awa 24. Malaman zamani sun saɓa ne kan abin da za a ƙiyasta da shi. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta ce a bi wuri mafi kusa da ake bambance dare da rana. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta ce a ɗauki lokutan sallar wuraren da ke kan layin digiri 45. Wasu suka ce a bi Makka, kuma da wannan masallacin Tromso yake aiki a irin waɗannan watanni.

Abin da na zaɓa maka shi ne na digiri 45, domin jirgi kullum yana tafiya, wuri mafi kusa kuma kullum sauyawa yake yi, lissafin zai rikice maka. Ka buga jadawalin a takarda tun kana gida, ka tsaya a kansa, kada ka riƙa tsalle tsakanin maganganu kana neman wadda ta dace da lokacin cin abinci. Za ka yi Magariba rana tana haska tagar ɗakinka, zuciyarka za ta yi ɗar-ɗar, amma sallarka ta inganta. Idan kun sauka Tromso kun shiga masallaci, ku bi jama'a a kan lokacinsu.

Akwai mas'alar da muka karanta a zaure muna yara muna murmushi, ganin ba ta shafe mu ba: Khalil ya lissafa dusar ƙanƙara cikin abin da ake taimama da shi. Idan salla ta riske ku a kan ƙanƙara, babu ruwa, babu halin narkar da ita, kuma ba ƙasa ko dutse a kusa, to ku yi taimama a kanta. Amma ku fita daga jirgi da alwalarku, ya fi muku sauƙi.

Wallahu a'alam.