Ba ke kaɗai ba ce, 'yar uwa

Wallahi da na ga tambayarki sai na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce kowa yana ta jero littattafai da waƙoƙi da finafinan da suka fi burge shi a 2020, ke kuma kin zauna ki rubuta naki kin rasa ko ɗaya, har kina tambaya ko ƙwaƙwalwarki ce ta samu matsala. Lafiyarki ƙalau. Ni ma haka na zauna na riƙe biro ina kallon takarda, alhali ban taɓa karatu irin na bana ba.

Ki duba yadda muka yi karatun. Tun da aka rufe Kano a watan Afrilun 2020 saboda korona, ba fita, ba biki, ba suna, sai waya. Littafi kuma yanzu shafi-shafi ake turo shi a WhatsApp, kina bin huɗu ko biyar a lokaci guda, wannan a turo da safe, wancan sai tsakar dare. Ba bango balle ki riƙa ganin sunan littafin kullum ya zauna miki. Ga jaruman duk sunansu ɗaya, gidansu ɗaya, kowane namiji miskili ne mai kamfani. Ta ina za ki tuna?

Ni fa abin da ya ɓata min shekarar ma daban ne. Ina da jaka guda ta littattafan takarda da nake tarawa tun ina 'yan mata, wasu na saya a Sabon Gari da kuɗin tara na makaranta, wasu na gada wajen yayata. Akwai Magana Jari Ce duka ukun, bugun kamfanin buga littattafai na NNPC Zariya. Akwai Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat, da In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino, irin bugun farkon shekarun 1990 ɗin nan da takardar ta yi ja. Ana cikin kulle ƙanwar maigidana ta zo ta ce zaman gida ya ishe ta, in taimaka mata da na karatu. Dangin miji ne, ya zan yi? Na ce ta zaɓa. Ta kinkimi jakar gaba ɗaya.

Aka buɗe gari shiru. Babbar Salla ta wuce shiru. In na yi magana ta ce "Anti kar ki damu, suna nan." Ranar da na je gidansu gaisuwa, yarinya ta shigo da ƙullin gyaɗa a takarda, ina kai ido na gane rubutun. Shafin littafina ne, 'yar uwa. Da hannuna na taɓa ja wa wani layi biro a jiki. Ashe ta bar jakar a tsakar gida, yara suka yi ta yaga, ruwan damina ya daki sauran, abin da ya rage aka ba mai gyaɗar maƙota. Ko haƙuri ba ta ba ni ba. Cewa ta yi wai tsofaffin takardu ne, ai yanzu komai yana waya. Da na faɗa wa maigidan sai ya ce in yi haƙuri zai saya min wasu. A ina? Je ki kasuwar yau ki ga shago nawa ya rage yana sayar da littafin Hausa. Har yanzu in muka haɗu gaisuwa ce kawai, ban iya sakin fuska, Allah Ya yafe min.

To, kin ga na bar tambayarki na kama wani zance. Ga abin da ya taimake ni na haɗa nawa jerin. Ki shiga wajen da wayarki ke ajiye takardun da aka turo miki, ki bi su wata-wata, za ki sha mamakin abin da kika karanta. YouTube ma yana ajiye duk abin da kika kalla. Kuma kar ki ce sai goma-goma kamar yadda wasu ke yi. Wanda kika rufe ido ya faɗo miki, shi ne naki.

Nawa dai a fim Labarina ne na Aminu Saira, ba don komai ba sai don ya sa gidanmu duka mun zauna gaban Arewa24 lokaci guda, har maigidan da ke cewa ba ya kallon fim ɗin Hausa. In wuta ta ɗauke kuma sai a bi shi a YouTube, data ta ƙare a rasa wanda zai saka. Kwana Casa'in na bi shi sama-sama, siyasar ta yi min yawa. A waƙa kowa zai ce Jarumar Mata ta Hamisu Breaker, kuma gaskiya ta yi tashe, kin ga yadda mata suka yi ta rawarta a gaban mazajensu ana ɗorawa har malamai suka yi magana. Amma ni wadda ta riƙe ni a kwanakin da ake ta jin rashe-rashen manya a Kano, marigayiya Barmani Choge ce. Tun 2013 ta rasu, amma in na saka kiɗan ƙwaryar nan ina wanke-wanke sai in ji zuciyata ta sauka. Ba dole sai abin da ya fito a bana ba, abin da ya zauna da ke a bana shi za ki rubuta.

A karatu kuwa, ki nemi labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, gajeru ne, kina zama ɗaya kin gama, kuma ba wadda za ta karɓi kuɗinki ta tsaya a tsakiyar labari ta ce wayarta ta lalace. Ni an yi min wannan ma, kar in fara. Wanda ya zo na ɗaya a 2020, Rai da Cuta, a kan koronar nan yake.

Shekara mai zuwa ki sayi ƙaramin littafin rubutu, duk abin da kika gama ki sa sunansa da na marubucin da layi ɗaya kan abin da ya taɓa ki. Kuma don Allah littafin takarda kar ki ba da aro da jaka, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Ɗaya-ɗaya, a dawo da wannan a karɓi wancan.

In akwai wadda ke da tsohon bugun Alhaki Kuykuyo Ne a cikinku kuma za ta sayar, ta yi min magana ta gefe, ko nawa ne zan biya.