Rubutu bayan sauya jami'a

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka koma sabuwar jami'a kake jin kamar ba ka iya rubutu ba. Kwantar da hankalinka, iyawarka tana nan, ma'aunin ne ya sauya. Wataƙila a da taƙaita abin da ka karanta ya wadatar, yanzu kuwa so ake ka ɗauki matsaya ka kare ta da hujja. Hatta salon kawo madogara ya bambanta: sashen ilimin halayyar ɗan'adam salon da ake kira APA yake bi, na adabi kuwa galibi wanda ake kira MLA.

Nemi ƙa'idar ba da maki kafin ka fara. Sannan ka kai daftarin farko na rubutunka wajen malamin ya duba tun da sauran lokaci. Don Allah kada kunya ta hana ka.