Amsar Kawu: gwada layi bayan babba ya ce babu wuta

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni tun ranar Talata, kuma da gangan na jinkirta amsa, domin tambayar da ka yi ba irin wadda ake amsawa a tsaye ba ce.

Ka ce an tura ku gyara a tashar wutar da kake aiki, sai shugaban ayarinku, wanda sa'an mahaifinka ne, ya ce maka an riga an kashe layin, ka hau ka kwance abin da za a kwance. Kai kuma ka tsaya ka ce sai ka ga takardar izinin aiki, sai ka gwada layin da kanka, sai kuma an ɗaura masa wayar ƙasa, wato wayar da ke haɗa layi da ƙasa don duk wutar da ta shigo ta zube can. Ransa ya ɓaci, har ya ce a gaban jama'a yaran yanzu ba su da tarbiyya, tun da babba zai yi magana a ce sai an auna ta. Da mahaifiyarka ta ji labari, ta ce ka je ka ba shi haƙuri, domin a gidanmu ba a musu da na gaba. Shi ne kake tambayata ko ka saɓa wa al'ada.

Gwajin da ka yi daidai ne, kuma da ka hau ba tare da shi ba, da ni ne farkon wanda zai yi fushi da kai. Inda nake da magana shi ne yadda kalaman suka fita daga bakinka da kuma wurin da aka yi su, kuma zan zo kan wannan daga baya.

Mahaifiyarka ba ta faɗi ƙarya ba. Haka aka rene mu, ni da ita: ba a kiran babba da sunansa, ba a zuba masa ido, ba a katse shi, kuma idan ya faɗi abu ba a ce masa "a'a" kai tsaye. An ce bin na gaba bin Allah, kuma ban taɓa ganin wanda ya riƙe wannan ya taɓe ba. Sai dai Hausawan da suka koya mana wannan sun san cewa kowace sana'a tana da nata ladabin, wanda babba da yaro duk suke ƙarƙashinsa. Mai shiga rijiya shi ne yake jan igiya ya ji ƙarfinta kafin ya sauka, ko da mahaifinsa ne ya ɗaura ta, kuma uban ba ya jin an raina shi. A maƙera ba a ɗaukar ƙarfe da hannu don kawai wani ya ce ya huce. Aikin wuta ma yana da al'adarsa, kuma ta girme ka, ta girme shugabanka. An kafa NEPA a 1972, bayan an haɗa hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun ruwan Neja. A 2005 ta koma PHCN. A 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11, aka bar manyan layuka a hannun kamfanin TCN. Sunaye sun yi ta sauyawa a kan ƙofa da jikin motoci, amma ƙa'idar cikin fili tana nan yadda na same ta: duk layin da ba a gwada ba, ba a kuma ɗaura masa wayar ƙasa ba, mai wuta ne, ko wane ne ya ce an kashe shi.

Ina so ka fahimci dalilin, domin wanda ya riƙe ƙa'ida bai san dalilinta ba, rana ɗaya zai sake ta idan an matsa masa. Ɗauki Kano misali. Wuta tana tasowa daga madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da tashoshin iskar gas na kudu, ta biyo layin kilobolt 330 ta Mando a Kaduna zuwa Kumbotso, a sauke ta zuwa 132 a tura tashoshi irin su Ɗan Agundi da Dakata, a sake sauke ta zuwa 33, sannan 11, kafin taransifomar unguwa ta mayar da ita bolt 415 ko 240 ta shiga gidaje. A wannan doguwar hanya akwai hannaye da yawa da makunnai da yawa, kuma mutumin da ya ce maka an kashe layi, sau da yawa shi ma gaya masa aka yi ta waya. Yana iya zama mai gaskiya ƙwarai, amma fidar da aka kashe, wato reshen layin, ba ita ce wadda kuke tsaye a ƙarƙashinta ba, domin a fili suna jere kamar tagwaye. Bureka, wato babban makunnin da ke yanke wuta, tana iya nuna ta buɗe alhali ɗaya daga cikin ƙafafunta uku ta maƙale. Layin da aka kashe, idan yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da wani mai wuta na tsawon kilomitoci, yana ɗaukar wuta daga gare shi ba tare da sun taɓa juna ba. Wayar da aka binne a ƙasa tana riƙe caji bayan an yanke ta. Kuma wuta mai wannan ƙarfi ba ta jiran ka taɓa ta. Idan ka matsa kusa, ita ce take tsallako iska ta same ka.

Akwai kuma wata hanya da na gani da idona, kuma a ranar ni ne babban da aka gwada maganarsa. Da damina ce, mun je sauya tangaran ɗin da ke riƙe waya, wanda ya fashe a kan wani layi na kilobolt 11. Ni da kaina na buɗe bureka, na buɗe aisoleta, wato ƙarafun da ake rabawa don a ware layi, na sa kwaɗo, makullin yana aljihuna. Na ce wa yaron da ke tare da ni, wanda bai cika shekara biyu a aiki ba, ya hau. Ya ce, "To, Malam," ya ɗaura bel, amma kafin ya taka tsani sai ya ɗauko sandar gwaji ya miƙa ta sama. Na tuna na ji wani abu a raina, na ce a zuciyata, ashe bai yarda da ni ba. Kan sandar yana kusantar waya sai na'urar ta kama kuka, jar fitilarta tana ƙiftawa. Muka tsaya muna kallon juna, babu wanda ya iya magana. Da muka bi layin, sai muka tarar da wani mai injin casar shinkafa ya tayar da babban janareta ba tare da ya raba gidansa da layinmu ba. Wutarsa ta bolt 415 ta bi ta cikin taransifoma ta baya, taransifomar ta ɗaga ta ta zuba a kan layin da na rantse babu komai a kansa. Duk abin da na gaya wa yaron gaskiya ne, kuma da ya bi maganata saboda kunya, da ni ne zan je gidansu in tsaya a gaban mahaifiyarsa. Tun daga ranar, idan yaro bai gwada bayana ba, ni nake mayar da shi ya gwada.

Saboda haka ka riƙe jerin aikin yadda aka koya maka, kada ka tsallake ko ɗaya. A buɗe bureka, a buɗe aisoleta yadda ido zai ga tazarar da ke tsakanin ƙarafunta, a sa kwaɗo da allon gargaɗi. Ka gwada na'urar gwajin a kan abin da ka san yana da wuta, ka gwada layin ƙafa uku, sannan ka sake gwada na'urar, domin na'urar da batirinta ya mutu shiru take yi a kan kowane layi. Wajen ɗaura wayar ƙasa, wadda ma'aikata ke kira atin, a fara da ɓangaren ƙasa sannan a kai ga layi, wajen cirewa kuma a fara da layi, kuma a ɗaura ta ta kowane ɓangaren da wuta za ta iya zuwa. Takardar izini ba ado ba ce: ita ce take faɗin inda iyakar aikinku take, kuma ba a mayar da wuta sai wanda ya karɓi takardar ya ƙirga mutanensa da kayan aikinsa ya sa hannu ya mayar. Idan an ba ka umarni ta waya daga ɗakin kula, ka maimaita shi kalma bayan kalma har mai bayarwa ya ce haka ne. Ka lura cewa a nan ma ƙarami yana maimaita maganar babba don a tabbatar, kuma babu wanda ya taɓa kiran wannan rashin kunya.

Yanzu in dawo kan shugabanka, domin ba na so ka fita daga wannan magana kana ganin ka fi shi. Mutumin da ya shekara talatin a cikin fili yana da abin da babu makarantar da za ta ba ka. Yana wucewa kusa da taransifoma ya ji gurnaninta ya sauya, ya ce a duba ta. Yana kallon ƙwayoyin da ke cikin kwalbar numfashinta, waɗanda shuɗin launinsu ke komawa ruwan hoda idan sun sha laima, ya san lokacin sauya su ya yi tun kafin ruwa ya lalata mai. Ya san ƙurar hunturu da ta kwanta a kan tangaran ba ta cika yin ɓarna ba sai raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta, sannan wuta ta bi ta kanta. Ya san inda ƙadangare da maciji suke shiga su jawo gajeren haɗi, ya san dalilin da ya sa ake shimfiɗa tsakuwa a fili a hana ciyawa fitowa, ya san ba a kunna taba a ɗakin batura saboda iskar da suke fitarwa, ya kuma san ba a kwance wayoyin ƙaramar taransifomar da ke auna yawan wutar da ke gudana alhali layi yana ɗauke da wuta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma wannan gaskiya ce a aikinku. Sai dai wutar da ke cikin waya, babba ma ba ya hango ta, shi ya sa aka yi sandar gwaji.

Abin da nake zato ya ɓata masa rai shi ne an yi abin a gaban yaran da yake shugabanta, kuma daga yadda ka rubuto, ka ce masa, "Ba zan hau ba." Wannan kalma tana da nauyi a kunnen dattijo. Da ka ce, "To, Baba, bari in ɗauko sanda in cika ƙa'ida," ka tafi ka ɗauko ba tare da ka jira amsa ba, da ka yi gwajinka, shi kuma girmansa yana nan. Amsa wa babba da "to" sannan a yi abin da ya dace cikin natsuwa, tsohuwar dabara ce ta gidajenmu, kuma ba yaudara ba ce matuƙar a gabansa kake yi.

Don haka ka bi maganar mahaifiyarka, ka je. Kada ka tare shi a ofis ko a gaban ma'aikata. Ka same shi a gida bayan la'asar, ka cire takalmi, ka durƙusa ka gaishe shi yadda za ka gaishe ni. Ka ce masa ya yi haƙuri da yadda ka yi magana, kuma ka faɗi haka da zuciya ɗaya. Amma kada ka yi masa alkawarin cewa ba za ka sake gwadawa ba, kada kuma ka bari maganar ta tashi a kan cewa gwajin ne kuskuren. Ka gaya masa cewa kana da mata da ƙaramin yaro, kuma kawunka da ya tsufa a wannan aiki ya ɗora maka nauyin kada ka taɓa waya sai ka gwada. Ka jingina abin a kaina, na yarda. Sannan ka roƙe shi ya riƙa nuna maka abin da ya sani, domin dattijo yakan sauko idan ya ga ana neman iliminsa. Idan bayan duk wannan ya sake matsa maka ka hau layin da ba a gwada ba, ka ƙi cikin ladabi, ka kai maganar ga jami'in kula da lafiyar ma'aikata na wurinku, domin a lokacin ran wanda zai hau bayanka ma yana cikin maganar.

Ka ambaci cewa wani daga cikinsu ya ce maka abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ka yi bisimilla kafin ka shiga fili, ka yi addu'ar da mahaifiyarka ta koya maka, sannan ka sa hular kwano da safar hannu da takalmin aiki. A wannan ma al'adar sana'a ce take gaba da ta gari: babbar riga da rawani na Juma'a ne, ba sa shiga fili, haka zoben azurfa da agogon ƙarfe, kuma ka sa tufafin auduga, domin yadin roba narkewa yake yi ya manne a fata. Tsani kuwa a kwance ake ɗaukarsa, ƙasa da kafaɗa, mutum biyu.

Mahaifiyarka ka bar ni da ita. Zan shigo ranar Asabar in Allah ya yarda, in ba ta labarin yaron nan da sandarsa, wanda ban taɓa ba ta ba saboda kada hankalinta ya tashi a lokacin da nake aiki. Idan kana gari, ka zo mini da safar hannunka ta roba in hura ta in duba ko tana yoyon iska, ka kuma duba ranar gwajin ƙarshe da aka buga a jikinta kafin ka zo. Ka gaishe mini da maiɗakinka da ɗan jikana.

Kawunka.